Tashar Oskaloosa da Tarihin Lura da Halayyar Ɗan Adam a Muhallinsa

An saba ƙirga tarihin ilimin halayyar ɗan Adam, a matsayinsa na fannin kimiyya mai zaman kansa, daga shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus, inda ake zaunar da mutum a gaban na'ura, a haska masa fitila ko a kaɗa masa ƙararrawa, sannan a auna tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya mayar da martani. Tun daga wannan tushe fannin ya mayar da ɗakin gwaji gidansa, domin a can ne mai bincike yake da ikon sauya abu guda ya bar sauran yadda suke, har ya iya bugun ƙirji ya ce wannan ne ya haddasa wancan. Amma akwai wata hanya da ta taso tare da wannan, ko da yake ba ta taɓa samun martaba irin tata ba, wato lura da mutane a muhallinsu na yau da kullum: mai bincike ya tafi inda mutane suke gudanar da rayuwarsu, gida ne ko makaranta ko bakin titi, ya zuba ido ya rubuta abin da ya gani bisa tsari, ba tare da ya shirya abin da zai faru ko ya tsoma baki a cikinsa ba. Da wuya a sami wurin da aka bi wannan hanya da naci kamar wani ƙaramin gari mai suna Oskaloosa a jihar Kansas ta Amurka, inda aka shafe shekara 25, daga 1947 zuwa 1972, ana rubuta rayuwar mazaunansa.

Waɗanda suka fara aikin lura irin wannan iyaye ne maza, kuma a kan 'ya'yan cikinsu suka fara shi. A 1787 wani masanin falsafa Bajamushe, Dietrich Tiedemann, ya wallafa bayanin yadda ɗansa ya tasa a shekarunsa na farko. Charles Darwin ya riƙa rubuta abin da ya gani game da ɗansa na fari, William, wanda aka haifa a ƙarshen 1839, amma bai fitar da rubutun ba sai a 1877 a mujallar Mind, inda ya bayyana lokacin da jaririn ya soma nuna fushi da tsoro, da yadda ya yi sa'ad da ya ga kansa a madubi. A 1882 Wilhelm Preyer ya fitar da littafi sukutum a kan shekaru ukun farko na ɗansa, wanda yake dubawa safe da rana da yamma, kuma a ƙarni na 20 Jean Piaget ya gina babban ɓangare na ra'ayinsa game da hankalin jarirai a kan lura da 'ya'yansa uku. Waɗannan rubuce-rubuce sun kawo bayanai masu daraja, sai dai rauninsu a fili yake: yaro ɗaya ne ko uku, daga gidan masu ilimi da wadata, kuma idon uba ba ya rasa son kai, domin ya fi ɗaukar alƙalami ranar da yaro ya yi abin burgewa, ya bar sauran ranaku su wuce ba labari.

A shekarun 1920 da na 1930, lokacin da wasu jami'o'in Amurka suka kafa cibiyoyin nazarin yara, kowace da makarantar renonta, sai aka nemi maganin wannan rauni ta hanyar ƙayyade wa mai lura lokacin da zai duba da abin da zai duba. Dabara ta farko ita ce tsakuren lokaci, wadda Willard Olson da Florence Goodenough suka daidaita a Jami'ar Minnesota, kuma ma'anarta ita ce a ware ɗan gajeren lokaci a kalli yaro guda a cikinsa, a sa alama a takarda idan halin da ake nema ya bayyana, sannan a koma kan na gaba, a yi ta maimaitawa kwanaki da yawa. Da ita Mildred Parten ta kalli yara 42 minti ɗaya-ɗaya a lokacin wasa, ta fitar a 1932 da rabe-raben wasan yara da har yau ake koyarwa, tun daga mai wasa shi kaɗai, da mai wasa a gefen wani ba tare da sun haɗa hannu ba, har zuwa waɗanda suke raba aiki a tsakaninsu don cimma buri guda. Dabara ta biyu ita ce jiran aukuwa, wato mai lura ya tsaya sai abin da yake nema ya ɓarke, sannan ya rubuta shi daga farko har ƙarshe. Helen Dawe ta bi wannan hanya ta rubuta rigingimu 200 tsakanin yaran makarantar reno, ta kuma bayyana a 1934 cewa matsakaicin tsawon rigima sakan 23 ne, yawancinsu a kan kayan wasa, kuma yaran kan koma harkarsu nan take ba tare da riƙo ba. Waɗannan dabaru sun samar da alƙaluma, sun kuma ba da damar a ajiye masu lura biyu a gwada ko idanunsu sun yi daidai, amma sun yayyanka yinin yaro gutsure-gutsure, har ba a iya ganin abin da ya gabaci hali ko abin da ya biyo bayansa.

Roger Barker, wanda aka haifa a jihar Iowa a 1903 ya kuma yi digirinsa na uku a Jami'ar Stanford, cikakken ɗan ɗakin gwaji ne a farkon aikinsa. Tare da malaminsa Kurt Lewin, wanda ya baro Jamus a 1933, da abokiyar aikinsu Tamara Dembo, ya gudanar da wani gwaji da aka wallafa a 1941, wanda ya shiga littattafan koyarwa: an bar yara ƙanana su yi wasa da kayan wasa na yau da kullum, sannan aka buɗe musu wani sashe na ɗakin mai cike da kayan da suka fi waɗancan kyau nesa ba kusa ba, bayan sun nutse cikinsu kuma aka mayar da su baya, aka sauke ragar waya aka danna kwaɗo, suna hangen kayan amma ba halin taɓawa. Sakamakon shi ne wasan yaran ya lalace, ya koma irin na waɗanda ba su kai su shekaru ba, aka kuma ɗauki haka a matsayin shaida cewa takaici yana mayar da yaro baya. Duk da wannan nasara, Barker ya bayyana daga baya cewa wani abu ya riƙa ci masa tuwo a ƙwarya: shi da ake kira masanin halayyar yara bai fi kowane mutumin gari sanin yadda yaran ƙananan garuruwa suke wuni ba. Hujjarsa, wadda ya yi ta maimaitawa tsawon rayuwarsa, ita ce masanan sinadarai sun san dokokin haɗuwar sinadarai, sun kuma san yawan kowannensu a doron ƙasa, masanan ƙwari sun san inda sauro yake da yawansa, amma masanan halayya ba su san sau nawa ake yi wa yaro faɗa a yini ba, ko sau nawa yake dariya, ko sau nawa ake hana shi abin da yake so. Fannin ya san kifi a cikin ƙwarya, bai san shi a kogi ba.

A 1947 Barker ya karɓi shugabancin sashen ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kansas da ke Lawrence, shi da abokin aikinsa Herbert Wright kuma suka kafa tashar bincike a Oskaloosa, hedikwatar gundumar Jefferson, gari mai mutum kimanin 700 a lokacin. Sun ɗauko tsarin ne daga masanan halittu, waɗanda suke kafa tasha a bakin teku ko cikin daji su zauna shekaru suna lura, kuma sun zaɓi ƙaramin gari ne domin a iya rungumarsa gaba ɗaya, a san kowane yaro da kowane wurin da yake shiga. Masu binciken ba su zama baƙi masu zuwa da safe su koma da yamma ba, a'a, sun tare a garin da iyalansu, 'ya'yansu suka shiga makarantar garin, su kuma suka shiga coci-coci da ƙungiyoyinsa, kuma matar Barker, Louise, wadda ta karanci ilimin halittu, ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan aikin. Ba su ɓoye abin da ya kawo su ba: sun yi wa iyaye da malamai bayani, sun nemi yardarsu, sun kuma sauya sunan kowa a rubuce-rubucensu, har garin kansa suka laƙaba masa suna Midwest.

Aikin da ya fi fito da sunan tashar shi ne na ranar 26 ga Afrilu, 1949, ranar da masu lura takwas suka bi wani yaro ɗan shekara bakwai, wanda suka kira Raymond Birch, tun daga lokacin da mahaifiyarsa ta tashe shi da ƙarfe bakwai na safe har ya kwanta bayan takwas da rabi na dare. Kowane mai lura yakan ɗauki kimanin rabin awa, yana riƙe da allon rubutu da agogo a maƙale a jikinsa, yana biye da yaron a ɗan nesa, yana sa alamar kowane minti a gefen takarda, yana rubuta abin da yaron ya yi da abin da ya faɗa da abin da aka yi masa. Da zarar wani ya karɓe shi, sai ya garzaya ofis ya zayyana duk abin da ya gani a na'urar ɗaukar murya tun bai huce ba, wani abokin aiki yana saurare yana yi masa tambayoyi a duk inda bayanin ya yi giɓi, kafin a buga shi da tafireta. Wright, wanda shi ne ya fi tsayawa kan ƙa'idojin wannan rubutu, ya nace cewa ba ya wadatarwa a ce yaro ya ɗaga hannu ko ya taka ƙafa, dole a faɗi yadda ya yi, cikin murna ne ko cikin gajiya ko da ƙyar, da irin kalmomin da kowane mai hankali zai yi amfani da su, amma an haramta wa mai lura ya shigo da wani ra'ayin masana don fassara abin da ya gani. A 1951 aka wallafa wannan yini a littafi mai suna One Boy's Day, shafi sama da 400, kusan babu sharhi ko kaɗan a cikinsa: yaro yana sa tufafi, yana karin kumallo, yana tafiya makaranta, yana zaune a aji hankalinsa na kai-komo, yana wasa da abokansa bayan an tashi. Wasu masu sharhi sun ɗauke shi tarin bayanai marasa alƙibla, amma Barker da Wright sun ɗauke shi kamar samfurin da masanin tsirrai yake adanawa, wanda wasu za su zo daga baya su yi masa tambayoyin da ba a yi tunaninsu ba tukuna. An yi wa wasu yaran garin irin wannan kundi na yini guda, da kuma wasu yara masu naƙasa, sannan aka rarraba kowane kundi zuwa gaɓoɓi, kowace gaɓa tana farawa ne inda yaro ya nufi wani abu ta ƙare inda ya cimma shi ko ya bar shi, kuma yinin yaro guda yakan ƙunshi ɗaruruwan irin waɗannan gaɓoɓi.

Ɗaya daga cikin tambayoyin da aka yi wa kundayen ta koma kan Barker kansa. Wani ɗalibinsa, Clifford Fawl, ya bi su yana neman duk inda aka toshe wa yaro hanyar abin da yake so, ya tarar cewa takaici mai tsanani irin wanda aka haddasa a gwajin 1941 ba kasafai yake faruwa a rayuwar yaran ba, kuma inda ya faru ba ya haifar da komawa baya da aka gani a ɗakin gwaji. Gwajin bai yi ƙarya ba, domin abin da ya nuna ya faru a cikin wancan ɗaki, amma yanayin da ya ƙirƙira yanayi ne da rayuwa ba ta cika samar da shi ba. Daga nan Barker ya bambanta matsayi biyu da masanin halayya yake iya ɗauka: ko dai ya zama mai sarrafawa, wanda yake shirya yanayi ya jefa mutum a ciki ya ga abin da zai yi, ko ya zama mai isarwa kawai, wanda yake karɓar abin da duniya ta samar da kanta ya mayar da shi rubutu. Abin da ya cancanci yabo a nan shi ne Barker da bakinsa ya bayyana wannan sakamako a gaban takwarorinsa, alhali aikin da ya fara ɗaga sunansa ne ya girgiza.

Babban abin da tashar ta gano kuwa ya zo ne ta inda ba a zata ba. An shiga aikin da tunanin cewa halin kowane yaro yana tare da shi duk inda ya je, mai surutu mai surutu ne, mai kunya mai kunya ne, amma da aka jera kundayen sai aka ga cewa yaro guda yana sauyawa ƙwarai daga wuri zuwa wuri cikin yini ɗaya, yayin da yara daban-daban suke yin kusan abu guda idan suka shiga wuri guda. Wanda ya san cewa yaro yana cikin kantin magani, ko a darasin lissafi, ko a filin ƙwallon kwando, ya fi iya faɗar abin da yake yi a kan wanda ya san ɗabi'unsa amma bai san inda yake ba. Wannan ya sa Barker ya ɗauke ido daga kan mutum ɗaya ya mayar kan abin da za a iya kira fagen hali, wato wani taro mai iyakar wuri da iyakar lokaci, mai tsayayyen tsarin abin da ake yi a cikinsa, wanda kayan wurin suka dace da shi, kuma wanda yake ci gaba ko da mutanen cikinsa sun sauya. Ibadar safiyar Lahadi a coci fage ce, zaman kotu fage ne, darasin kiɗa na 'yan aji biyu fage ne: kujeru suna fuskantar inda ya kamata a fuskanta, kowa ya san lokacin magana da lokacin shiru, idan wani ya kauce sai a gyara masa, idan ya ƙi gyaruwa a fitar da shi. Ba sabon abu ba ne a ce mutum yana sauya hali tsakanin kasuwa da wurin ibada, kowa ya san haka. Sabon abin shi ne a ɗauki fagen a matsayin abin da za a ƙirga, a auna, a kwatanta. Ma'aikatan tashar sun shafe shekara guda cur suna tattara kowane fage na jama'a a garin, daga jaridar mako da allunan sanarwa da jadawalin makaranta da na coci da kuma halarta da kansu, suna rubuta awa nawa yake ci, su wa suke shigarsa, da zurfin shigar kowa, daga ɗan kallo zuwa baƙo zuwa mamba zuwa mai riƙe da aiki har zuwa shugaba. A ƙidayar 1963 zuwa 1964 sun sami fagage 884.

Amfanin wannan ƙirga ya bayyana a littafin Big School, Small School na 1964, wanda Barker ya rubuta da Paul Gump, inda suka kwatanta makarantun sakandare 13 na gabashin Kansas, mafi ƙanƙanta mai ɗalibai 35, mafi girma mai 2,287. Babbar makaranta ta fi yawan fagage, amma yawansu bai ƙaru daidai da yawan ɗalibai ba, don haka kowane fage ya cika ya batse, ɗalibi mai rauni kuma ya zama ɗan kallo. A ƙaramar makaranta kuwa, wasan kwaikwayo da ƙungiyar ƙwallo da ta mawaƙa duk suna buƙatar hannu, hannuwan kuma ba su isa ba, shi ya sa ake jawo kowa, har wanda ba shi da wata baiwa, a ɗora masa nauyi, kuma ɗaliban suka fi bayyana cewa ana buƙatarsu kuma akwai abin da ya rataya a wuyansu. Wannan shi ne ra'ayin ƙarancin hannu, wanda daga baya aka gwada a coci-coci da wuraren aiki. Irin wannan bambanci ya fito lokacin da aka kwatanta Oskaloosa da garin Leyburn na yankin Yorkshire a Ingila, wanda suka kira Yoredale: yaran garin na Amurka sun fi shiga fagagen manya suna riƙe ayyuka a cikinsu, yayin da na Ingila aka fi keɓe su a fagagen yara ƙarƙashin kulawar manya har sai an ga sun isa.

Hanyar tana da matsaloli da magoya bayanta ba su iya kawar da su ba. Na farko shi ne tasirin mai lura, domin yaron da babban mutum yake bi da allo ya san ana binsa. Amsar tashar ita ce yara kan saba cikin ɗan lokaci, kuma ba mai iya riƙe halin aro awa goma sha uku, amma wannan amsa ta fi ƙarfi a kan yara ƙanana fiye da iyayensu da malamansu, waɗanda suke da dalilin gyara zama. Na biyu shi ne fassarar da take shiga rubutu ta bayan gida duk lokacin da aka ce yaro ya yi abu cikin fushi ko cikin jin daɗi. Akwai kuma tsada, tunda yini ɗaya na yaro ɗaya yana cinye aikin mutane da yawa na tsawon lokaci, da batun wakilci, tunda Oskaloosa gari ne na karkara wanda kusan duk mazaunansa fararen fata ne Kiristoci. Mafi nauyi a idon takwarorinsu shi ne lura tana nuna abin da yake tafiya tare da wani, amma ba ta tabbatar da wanda ya haifar da wani, kuma a fannin da ya ɗora martabarsa a kan gano sababi, wannan ya isa a mayar da aikin gefe.

A daidai wannan zamani wasu suna bin hanyar a wurare masu nisa, kuma a nan ne ta nuna wani amfani da ɗakin gwaji ba ya iya bayarwa. A 1954 da 1955 Mary Ainsworth ta riƙa ziyartar gidaje 26 na Baganda a ƙauyukan da ke kewayen Kampala a Yuganda, duk mako biyu, tana zama awa biyu tare da tafinta tana kallon uwa da jaririnta, kuma a can ta ga yadda jariri yake mayar da uwarsa madogara, ya rarrafa ya bincika ɗaki ya dawo ya taɓa ta ya sake fita. Da ta koma Baltimore ta maimaita aikin a gidaje 26, ziyarar awa huɗu duk mako uku, kimanin awa 72 ga kowane jariri a shekararsa ta farko. Abin takaici ne cewa gwajin minti ashirin da ta ƙirƙira don kammala wannan aiki, inda ake raba jariri da uwarsa na ɗan lokaci a baƙon ɗaki, shi ne ya bazu a duniya, doguwar lurar da ta ba shi ma'ana kuwa kaɗan ne suka sake yin irinta. Cikin waɗannan kaɗan akwai binciken da Robert Marvin da Robert LeVine da Sarah LeVine da abokan aikinsu suka wallafa a 1977 a kan jarirai 18 na Hausawa a arewacin Najeriya, wanda ya nuna cewa jaririn yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu a gida, kuma ya fi jingina ga wadda ta fi ɗaukarsa, ko da ba ita take shayar da shi ba. Duk wanda ya san kunyar ɗan fari, inda uwa take kawar da kai daga ɗanta a gaban mutane ba ta ko kiran sunansa, zai gane haɗarin da ke cikin auna ƙauna da yawan haɗa ido a cikin minti ashirin: baƙon da bai zauna a tsakar gidan ya ga kaka da kishiya da yayye suna karɓar yaron hannu zuwa hannu ba, zai rubuta sakaci a inda tarbiyya ce. Gyara mafi muhimmanci ga dabarun lura ya zo ne daga masu nazarin dabbobi, lokacin da Jeanne Altmann, wadda ta yi aiki a kan birai a Amboseli ta Kenya, ta nuna a 1974 cewa mai rubuta duk abin da ya ja hankalinsa yakan cika takarda da faɗa da hayaniyar maza, ta kuma ba da shawarar a zaɓi dabba guda tun kafin a fara, a bi ta tsawon ƙayyadadden lokaci ko tana yin abin kallo ko ba ta yi.

An rufe tashar Oskaloosa a 1972 lokacin da Barker ya yi ritaya, shi kuwa ya ci gaba da zama a garin har rasuwarsa a 1990, kundayen kuma suna ajiye a Jami'ar Kansas. Ra'ayin fagen hali ya sami mazauni a nazarin muhalli da tsara gine-gine da nazarin al'umma, kuma a 1977 Urie Bronfenbrenner ya sabunta ƙorafin Barker, inda ya zargi nazarin girman yara da cewa ya zama nazarin baƙon hali a baƙon wuri tare da baƙin mutane cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Daga jami'ar ta Kansas ne kuma Betty Hart da Todd Risley suka riƙa ziyartar gidaje 42, awa ɗaya kowane wata har shekara biyu da rabi, suna ɗaukar duk maganar da ake yi wa yaro, suka wallafa a 1995 cewa akwai tazara mai faɗi tsakanin gidajen masu hali da na talakawa, ko da yake masu bincike na baya sun ƙalubalanci girman tazarar, musamman da suka ƙirga maganar sauran mutanen gida da wadda yaro yake ji ana yi a kusa da shi.

Na'ura ta rage tsadar irin wannan aiki, ta kuma rage tasirin mai lura. Matthias Mehl da abokan aikinsa sun rataya wa ɗalibai 396 a Amurka da Meziko ƙaramar na'ura mai ɗaukar sakan 30 na sauti duk bayan minti goma sha biyu da rabi, suka bayyana a 2007 cewa maza da mata duk suna furta kimanin kalma 16,000 a yini, abin da ya rushe zancen da aka daɗe ana yaɗawa cewa mata sun ninka maza surutu. A 2019 Richard Philpot da abokan aikinsa suka nazarci rigingimu 219 da kyamarorin tsaro suka ɗauka a titunan Amsterdam da Lancaster da Cape Town, suka tarar cewa a tara cikin goma aƙalla mutum ɗaya ya shiga tsakani, kuma yawan 'yan kallo yana ƙara yiwuwar a sami mai taimako. Wannan bai soke gwaje-gwajen John Darley da Bibb Latané na 1968 ba, waɗanda suka nuna cewa kowane mutum guda yakan yi sanyin jiki idan yana cikin taro, domin tambayoyin biyu daban suke: gwajin ya auna abin da ɗan kallo ɗaya zai yi, kyamarar kuwa ta nuna abin da wanda ake duka zai samu daga taron gaba ɗaya. Sai dai mutanen da suka bayyana a irin waɗannan hotuna ba a nemi yardarsu ba, saɓanin iyayen Oskaloosa da suka san masu binciken da sunayensu da gidajensu, kuma ƙa'idar da kwamitocin ɗa'ar bincike suka fi bi a yau ita ce ana halatta lura ba tare da neman izini ba a wuraren jama'a kawai, inda mutum ya san kowa na iya ganinsa, bisa sharaɗin kada a adana ko a bayyana wani abu da zai sa a gane ko shi wane ne.